WA KE KWANA DA INNA?



Godiya ta tabbata ga Allah Mai juya kwanaki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshensa. Musamman ku maza, don mafi yawan maganar tamu ce.

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, wani bawan Allah ya tare ni a ƙofar masallaci. Mutumin kirki ne, ba ya rasa sahun farko, sana'arsa noman albasa da tafarnuwa a fadama. Ya ce in taimaka in je gidansa in yi wa matarsa nasiha, don ta fara ɗaga wa mahaifiyarsa murya. Tsohuwar ta yi nisa da shekaru, kuma hankalinta ya fara gushewa. Na ce to. A hanya ina ta harhaɗa ayoyi da hadisan haƙuri a zuciyata.

Muka zauna a zaure, ita kuma tana daga bayan ƙofa. Na yi nasihata har na gama. Ta yi shiru, sannan ta ce:

"Malam, ban musa ba, na yi mata tsawa, Allah Shi gafarta mini. Amma ka tambaye shi, wa ka kwana da Inna? Shekara biyu ke nan ɗaki guda nika kwana da ita. Ni ka wanke ta, ni ka wanke shimfiɗarta, ni ka ba ta abinci a baki. In dare ya raba ta tashi ta ce za ta gidansu, gidan da anka rushe tun ba a haife ni ba. Da safe in ya shigo gaisuwa sai ta ce mishi ban ba ta abinci ba, na sace mata kuɗi. Ni ka jinya, Malam, kuma ni ab ɓarauniya."

Na juya wurin maigidan na ce, "Yaushe rabon da ka kwana a ɗakin nan?" Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na raini ba, ya ce, "Malam, ai wannan aikin mata ne."

Su huɗu ne maza a wurin tsohuwar nan, da mata biyu da ke aure a wasu garuruwa. A cikin su shida babu wanda ya taɓa kwana da ita dare ɗaya tun da ciwon ya fara. Wadda ke kwana da ita, tsohuwar ba ta haife ta ba, ba ta shayar da ita ba, kuma ba za ta gaje ta ba.

Na je da nasihar mutum ɗaya, na dawo da nasihar da ni da ku muka fi ta buƙata. Na sauya wasu bayanai don kada a gane gidan. Ko ban sauya ba ma da wuya a gane, don irin gidan nan yana kowace unguwa daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo.

GIGIN TSUFA CIWO NE

Mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, likitoci suna ɗaukarsa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba wani abu da dole kowane tsoho ya yi ba. Ai kun san dattawa masu shekara 90 da ke kawo muku tarihin gari ba tuntuɓe. Wanda ciwon ya kama, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne ke mutuwa a hankali. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira da sunan wani likita Bajamushe, Alzheimer, da ya fara bayaninsa a 1906. Akwai kuma wanda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, idan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka lalace.

Yana farawa da mantuwar abin da ya faru yanzu-yanzu, alhali abin da ya faru shekara 50 yana nan daram. Shi ya sa Inna ta manta ta ci tuwo, amma ba ta manta gidan ubanta ba. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin tabarma, ta manta ta ɓoye, ta duba ba ta gani ba, sai zuciyarta ta ba ta cewa an sace. Wa za ta zarga? Wanda take gani kullum. Daga nan sai ɓata a hanyar da aka sani, rikita dare da rana, kasa riƙe fitsari da bayan gida, har a kai ga uwa ta dubi ɗanta ta ce, "Wane ne wannan?" Da yawansu rikicewar ta fi tsanani da almuru, shi ya sa mutanenmu ke saurin cewa iskoki ne. Masu jinya a Ingila da Indiya ma sun san wannan rikicewar ta maraice, kuma tana cikin littattafan likitoci.

Alƙur'ani ya ambaci wannan hali wuri biyu, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda Allah Ya ba mu labarin cewa a cikinmu akwai wanda za a tsawaita wa rai har saninsa ya kuɓuce masa. Annabi (SAW) kuma yana neman tsari daga kaiwa wannan matsayi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ke nan jarrabawa ce da aka sanar da mu tun tuni. Mai ciwon an ɗauke masa alƙalami. Waɗanda ake rubuta wa yanzu su ne mu da ke kewaye da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da wannan ciwo a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Ta kuma ce kashi 70 cikin 100 na sa'o'in da ake kashewa wajen jinyarsu, mata ne ke kashe su. Wannan lissafin duniya ne, har da ƙasashen da namiji ke shiga madafa ba kunya. To ina ga mu?

NAUYIN BAI RABU DAIDAI BA

Zan yi adalci, don ba na son wani ya ce Malam ya shiga ƙungiyar mata. Namiji yana ɗaukar nauyi. Shi ke neman kuɗin magani da na mota zuwa Sakkwato. Shi ke fita da fitila neman Baba in ya ɓace. Shi ke haɗiye kunya in tsoho ya yi abin da bai dace ba a bainar jama'a. Wanda ke ci-rani a Legas ko Kudu yana kwana da zullumi duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara da dare. Na san dattijon da matarsa ce ta rikice, shi kaɗai ke fama da ita, bai iya dafa ko ruwan zafi ba, kuma girman kai na maza ya hana shi ya ce wa kowa ya gaji. Irin wannan ciwo na shiru yana cin maza, kuma ba mu faye tambayar junanmu ba.

Amma nauyin namiji yana da ƙofa. Yana fita. Yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci sau biyar, yana zama a majalisa ya yi dariya. In ya kawo magani a leda ana cewa Allah Ya yi masa albarka, ɗa nagari.

Nauyin mace ba shi da ƙofa. Ku duba da kyau:

Barcinta ya tafi. Wanda bai taɓa yin wata guda ana tayar da shi sau uku sau huɗu kowane dare ba, kada ya yi saurin yanke hukunci a kan wadda ta yi shekara biyu. Rashin barci yana taɓa haƙurin waliyyi ma.

Jikinta ya tafi. Ɗaga babban mutum daga shimfiɗa, kai shi makewayi, wankin kayan najasa da hannu, ɗibar ruwan yin haka, sau da yawa tana da ciki ko goyo a baya.

Sana'arta ta tafi. Mai ƙuli-ƙuli, mai fura, mai ɗinkin hula, mai kitso, duk ta ajiye. Ɗan abin da take sayen sabulu da shi ba tare da ta roƙa ba ya yanke. Makarantar Islamiyyar matan aure ta daina zuwa. Biki da suna da gaisuwar mutuwa an daina ganinta, har danginta suna cewa ta yanke zumunci. In uwarta ta kwanta ciwo a wani gari, ba ta samun zuwa, don tana jinyar uwar wani.

Sannan mutuncinta ya tafi, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ita ake zargi da sata, da hana abinci, wani lokaci har da sammu. 'Yan'uwan miji su zo ziyarar awa ɗaya, tsohuwa ta yi musu kuka, su tafi suna cewa matar wane ba ta da imani. Ba wanda ya duba ya ga tsohuwar fes take, ba ƙuraje a bayanta, ba wari a ɗakin, balle ya tambayi wa ya yi wannan aikin.

In uwar gida ta kasa, sai a ciro yarinya 'yar shekara 12 daga makaranta a ce ta zauna da kaka. Ban taɓa jin an ciro yaro namiji ba.

Har a kan masu ciwon ma akwai bambanci. Tsoho in ya rikice sai a ce, "Baba ya tsufa, a yi haƙuri da shi." Tsohuwa in ta fita da dare tana surutai, tana kiran sunayen matattu, ba a rasa mai cewa mayya ce. Wallahi ku ji tsoron Allah. Matar da ta haifi rabin unguwa, yara na jifarta, manya na kallo. Surutan mai ciwon ƙwaƙwalwa ba iƙirari ba ne, kuma babu alƙalin Musulunci da zai kama ta da su.

HALIN DA YANKINMU YAKE CIKI

A da jinya tana da sauƙi don gida babba ne. Akwai facaloli, akwai gwaggo, akwai maƙwabta, kowa ya ɗauki kaɗan. Yanzu rashin tsaro ya tarwatsa wannan. Tun harin Tabanni a watan Yulin 2018, da ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, zuwa harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, zuwa abin da ake ciki har yau, ƙauyuka nawa suka tashi? An kashe maza, an sace wasu, wasu sun tafi neman abinci ba ranar dawowa. Waɗanda suka rage da tsofaffi su ne mata.

Kuma babu abin da ke ƙara rikita mai gigin tsufa kamar sauya masa wuri. Tsohon da ya san ɗakinsa da bishiyar ƙofar gidansa da hanyar masallacinsa, aka ɗauko shi cikin dare aka ajiye shi a ajin makaranta ko kangon wani a cikin gari, kullum zai tashi ya ce zai koma gida. A garuruwan da ke bakin gulbin Rima da magudanan ruwan noman rani, fitar tsoho shi kaɗai da dare tana iya zama ajalinsa. Mace ɗaya, da yara biyar, da tsohon da ke neman ƙofa, a gidan aro. In akwai irin wannan a unguwarku, haƙƙinta yana kanku, ko ba ku haɗa dangi ba.

DA WA ALLAH YA YI MAGANA?

Yanzu mu zo kan addini, tunda da sunansa ake cewa matar nan ta yi haƙuri.

Ku koma Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, inda aka yi maganar iyaye in tsufa ya riske su. Da wa ake magana? Da ɗa, da 'ya. Wanda aka haifa. An hana shi nuna ƙosawa ko da da ƙaramar kalma, an umarce shi da tausasawa, an koya masa addu'ar da zai yi musu saboda renon da suka yi masa yana ƙarami. Shin matarka suka rena tana ƙarama? Ita tana da nata iyayen da ayar ta ɗora mata.

Ku duba kuma misalan da Sunna ta ba mu na kula da iyaye. Mutanen nan uku da dutse ya toshe wa bakin kogo, a hadisin Bukhari da Muslim, wanda ya yi tawassuli da biyayyar iyaye namiji ne, makiyayi. Ya dawo a makare ya tarar tsofaffinsa sun yi barci, ya tsaya da ƙwaryar nono a hannunsa har gari ya waye. Bai miƙa wa matarsa ƙwaryar ya je ya kwanta ba. Uwaisul Ƙarni, wanda Annabi (SAW) ya yi wa Sayyidina Umar wasiyya ya nemi ya roƙa masa gafara, namiji ne, kuma abin da aka yabe shi da shi a hadisin Muslim shi ne biyayyar mahaifiyarsa. Wanda ya zo neman izinin fita jihadi aka tambaye shi ko iyayensa na raye, aka mayar da shi gare su aka nuna masa nan ne fagen jihadinsa, namiji ne. Sannan akwai hadisin Muslim da Annabi (SAW) ya nanata tir sau uku ga wanda ya riski iyayensa cikin tsufa amma hakan bai shigar da shi Aljanna ba.

To ɗan'uwa, ƙofar Aljanna ce aka buɗe maka a cikin gidanku, ka tura wata ta shiga a madadinka, kai kana zaure kana karɓar yabo. Ka taɓa jin wanda ya wakilta wani ya yi masa sallar asuba?

A fiƙihunmu na Malikiyya, ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata, gwargwadon ƙarfin kowa. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, har ɗaukar nauyin mai yi wa iyayen hidima an ɗora wa ɗa mai hali. Ma'ana malamai sun san hidima aiki ce mai tsada, kuma sun san aljihun da za ta fito. Amma hidimar matar ɗa ga iyayen mijinta, malamai ba su wajabta mata ita ba. In ta yi, kyautatawa ce da sadaka, ladanta yana wurin Allah, kuma ta cancanci godiya. In ta ce ta gaji, ba ta saɓa wa Allah ba, kuma ba dalilin saki ba ne.

Kada wani ya ce wannan ra'ayin 'yan boko ne ko na waɗanda suka yi karatu a waje. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗora musu ayyukan da shari'a ba ta wajabta musu ba, suna ta jaddada musu biyayyar miji ba tare da sun koya musu haƙƙin Allah ba. Fiye da shekara 200 ke nan. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke nan Wurno, duk da nauyin mulki da ribaɗi ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru don ilimi ya isa ga matan ƙauye har ɗakunansu. Mu da ke alfahari da su, mun gaji kabarinsu ne kawai ko har da fahimtarsu?

Kuma da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ba da amsa cewa yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Wanda ya fi kowa mazantaka ke nan.

WASU HUKUNCE-HUKUNCE DA AKE YAWAN TAMBAYA

1. Wanda hankalinsa ya gushe saboda tsufa, ba salla a kansa, ba azumi, ba ciyarwa a madadin azumin. Ku daina yi masa tsawa don ya yi salla ba alwala ko ya kalli yamma. In ya ji kiran salla ya tashi, ku taimake shi ya yi yadda ya iya, don sau da yawa salla da karatun da ya haddace tun yana yaro su ne na ƙarshen barinsa, kuma suna kwantar masa da hankali. A farkon ciwon, lokacin da hankali ke zuwa yana tafiya, yana salla a lokutan da yake cikin hayyacinsa.

2. Zakka ba ta faɗuwa daga dukiyarsa in ta kai nisabi. Mai kula da dukiyar ne zai fitar.

3. Sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa da kyautarsa ba sa inganta. Ɗan da ya kama hannun ubansa ya dangwala a takardar sayar da gona ko fili, alhali ya san uban bai san abin da ake yi ba, ya ci haram, kuma ya ci haƙƙin sauran magada. Dukiyar tsoho a kansa za a fara kashe ta: abincinsa, maganinsa, da ladan mai jinyarsa. Ba a tara ta don gado alhali yana kwance cikin fitsari.

4. Al'aurar tsoho al'aura ce. In uba ne, matarsa ce ta fi cancanta ta yi masa tsarki in tana da ƙarfi, sannan 'ya'yansa maza. Ba daidai ba ne maza huɗu suna raye a bar matar ɗa ko 'ya mace tana wanke gaban tsoho, sai in larura ta sa babu wani. In uwa ce, 'ya'yanta mata su ne a gaba. Mazan da ke riƙe matansu su hana su zuwa jinyar iyayensu, ku tuna ranar da za ku buƙaci taku 'yar.

5. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, amma ba sa hana zuwa asibiti. Ɗaure tsoho da igiya ko mari, ko dukansa da sunan fitar da aljani, zalunci ne.

ABIN DA ZA MU YI

Na farko, ku kai shi a duba. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da wannan ciwo ba, duk wanda ya ce yana da shi ku riƙe kuɗinku. Amma akwai abin da ake ragewa: hawan jini, ciwon suga, rashin barci, firgita. Kuma in rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu uku, sau da yawa wani ciwo ne daban, kamar zazzaɓi ko ciwon mafitsara, wanda in an yi maganinsa hankali kan dawo. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware. Na san sunan Kware kaɗai yana tsorata mutane, a ce za a ce Baba ya haukace. Kunyar mutane ba ta kai haƙƙin uba ba. Kuma ku tafi da mai jinyar, don ita ta san abin da za ta gaya wa likita. Ita ma a auna jininta.

Na biyu, ku zauna taron gida, maza da mata, har wanda ke nesa a kira shi a waya. A raba kwanaki a rubuta. Wane daren Litinin da Talata, wance za ta zo mako ɗaya a wata. Wanda ke nesa ya turo kuɗin da za a ɗauki mai taimako, kada ya tsaya a kan kuɗin magani kawai.

Na uku, mai jinya ta samu hutu sananne: daren da za ta yi barci har asuba, ranar da za ta je gidansu, lokacin makarantarta. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu lokacin da ya tuna wa Abud Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka ga mai tsayuwar dare, mai jinyar dare ma haka ne.

Na huɗu, ka kare mutuncinta. In Inna ta ce an sace mata kuɗi, kada ka yi musu da ita, kada kuma ka harari matarka. Ka ce, "To Inna, mu duba tare." In ta ce ba ta ci abinci ba, a ba ta ɗan wani abu. In ta ce za ta gidansu, ka ce ta ba ka labarin gidan, ku ɗan zaga tsakar gida tare. Gardama da mai wannan ciwo ba ta kai ko'ina. Sannan ka gaya wa 'yan'uwanka a fili cewa wanda bai kwana ba ba shi da bakin zargi.

Na biyar, ka biya ta, ko ka yi mata kyauta ta musamman, kuma ka ce mata na gode da bakinka. Wasunmu sun fi jin sauƙin sayen atamfa a kan furta kalmar nan. Ka yi duka biyun.

Na shida, mu limamai da masu unguwanni. Mu san gidajen da ke da irin waɗannan tsofaffi, a sanar da matasa da masu shaguna da 'yan kabu-kabu, in an ga Baba wane shi kaɗai a riƙo hannunsa a kai shi gida cikin mutunci. Kwamitin zakka da na masallaci su sa matan da ke jinya su kaɗai a lissafi. Malamai mata na Islamiyya su riƙa leƙa ɗalibar da ta daina zuwa.

GARE KI 'YAR'UWA

Ke da ke karanta wannan da ƙarfe biyun dare don Inna ta hana ki barci: abin da kike yi Allah Yana gani, ko da duk gidan sun makance. Gajiyarki ba ƙarancin imani ba ce. In wata rana kin ji a ranki ina ma a ce an huta, kika yi kuka kika yi istigfari, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba a kama bawa da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa matuƙar bai furta ko ya aikata ba. Amma ki kiyayi hannunki da harshenki a kanta, don ba ta san abin da take yi ba, kuma ba ta da mai kai ƙara sai Allah. In kin ji kin kusa kasa riƙe kanki, ki tabbatar tana wuri mai aminci, ki fita tsakar gida ki sha iska. Sannan ki faɗa wa mijinki ko wani babba cewa kina buƙatar taimako. Faɗin haka ba rashin tarbiyya ba ne. Jinyar da aka yi shiru har ta koma duka, gara wadda aka yi magana aka raba.

Shi kuwa mutumina na fadama, Allah Ya saka masa, bai yi girman kai ba. Ya karɓi dare biyu a mako, ya kira ƙannensa mata suka raba wankan, wanda ke Legas ya ɗauki kuɗin yarinyar da ke taya wanki. Ranar da ya fara kwana, da asuba na waiga ban gan shi a sahun farko ba. Ya shigo a raka'a ta biyu, ido jajur. Bayan mun sallame ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ashe haka dare yake da tsawo?" Ya yi shiru, sannan ya ce cikin dare tsohuwar ta farka ta dube shi, ba ta gane shi ba, amma ta ja bargonta ta lulluɓe masa ƙafa, ta ce yaron nan zai ji sanyi.

Ya ce shekararsa 47, bai san yana da sauran hawaye irin na daren nan ba.

Ya Allah Ka jiƙan iyayenmu, na raye da waɗanda suka riga mu. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ka saka wa matan da ke jinya a ɓoye da mafificin sakamako, Ka ba mu ikon sauke namu rabon da hannunmu. Ka dawo mana da zaman lafiya a Wurno da Rabah da Goronyo da sauran ƙasarmu, Ka mayar da kowane tsoho ɗakinsa. Ka jiyar da mu daɗin hankalinmu har ƙarshen rayuwarmu, Ka sa mu cika da kalmar shahada.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.